Rawanin Surukina a Bakin Inji

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba a aikina na kanikanci shi ne ranar da na kai wa surukina tsohuwar Fijo ɗinsa Gangara. Motar ta girme ni, kuma tsoho ya fi ji da ita a kan shanunsa. Kanikawan Gazawa duk sun ce injin ya mutu, ni kuwa (bakina ne ya ja mini) na ce zan tashe shi. Na warware shi ƙusa-ƙusa, na sake zoben fistan, na haɗa, na jawo Fijon da wata mota don a fara tayarwa a gabansa.

Ku sani, mutumin nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa.

Ya fito da farin rawaninsa, dattawan gari na biye, ya tsaya dab da injin. Na murza makulli, ta tashi. Kafin in gama washe baki sai ƙara ta yi sama, hayaƙi ya turnuƙe. Na kashe, na zare makullin, ga shi a hannuna, inji bai san ina yi ba! Ashe matatar iskarta irin ta dā ce da ake zuba wa baƙin mai, ni kuma na cika mata fiye da kima, injin gazuwal kuwa, wato dizal, in ya samu mai ta nan, sha yake har ya tarwatse. Maganinsa ɗaya, a toshe masa numfashi.

Na duba, ba tsumma ko ɗaya. Wallahi ban san lokacin da na fizge rawanin daga kan tsoho ba, har hularsa ta yi tsalle. Na cusa a bakin iskar, inji ya shaƙe ya mutu.

Ga surukina tsaye, sanƙo a rana, ga surukata a bakin zaure ta dafe ƙirji. Na zube ƙasa a gabansa.

Tsoho ya tambaya ko injin ya tsira, na ce ya tsira, Baba. Ya shafa kansa ya ce, "To madalla. Amma yaro, da ban naɗa rawani ba yau, me za ka tuɓe mini?"

Tun ranar ba na tayar da inji sai da buhu a kafaɗa. Shi kuma har gobe in na je gaisuwa, sai ya dafe kansa kafin ya amsa.