Layin da Nomau Ya Kwafo daga Gona

Nomau mutumin Tudun Makera ne. A gidansu akwai shi, da mahaifiyarsa Goggo Hansai, da matarsa Tasalla, sai wata tsohuwar akuya da ta fi shi gane inda magana ta dosa. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka. Mai injin niƙa ya gwada shi ya sallame shi, tela ma haka. Da wurare suka ƙare, sai Goggo ta kawo shi cikin gari, situdiyon ɗan wanta Oga Sagiru, inda muke haɗa kiɗa da kwamfuta. Ta ce in nan ma aka kore shi, Tasalla ta riga ta ɗaure kayanta. Oga ya karɓe shi don yana jin nauyin Goggo, ya kuma ɗora min shi.

Ni ne Mudi. A aji huɗu na bar sakandare, ba don ta fi ƙarfina ba, sai don malaman sun fara maimaita abin da na sani. A manhajar da muke aiki da ita, kowane kayan kiɗa ɗan akwati ne a fuskar kwamfuta, kuma akwai wani layi da ake zana masa. Layin ya hau, sauti ya hau. Ya sauka, sauti ya sauka. In ya yi ta hawa da sauka, sai ka ji sautin yana rawa kamar na goge. Oga da lissafi yake fitar da layin a takarda mai gida-gida, ni kuwa da ido nake zanawa, kuma nawa ya fi daɗi, ko da yake ba ya son a faɗa.

Wata rana Oga ya zana layin wata waƙar biki a takarda, ya miƙa wa Nomau, ya ce ya kwafe abin da ke ciki a kwamfuta, kada ya bar komai. Ni na ga takardar. Akwai zoben da gindin kofin shayi ya bari, akwai ɗigon man ƙosai, akwai sawun ninki a tsakiya. Na ƙyale shi ya kwafa, don ina so in ga iyakar abin. Nomau ya wuni da maus ɗin kwamfuta a hannu, harshe a waje. Da aka kunna, sarewar da ke cikin waƙar ta taho lafiya lau har ta iso kan zoben kofin, sai ta yi wani irin kuka ta zagayo kamar motar asibiti. Mai waƙar, da ya zo karɓar aikinsa, yana tsaye. Oga ya tambayi Nomau mene ne wannan.

Ya ce, "Shayinka ne, Yaya. Ƙosan yana gaba."

Wata rana kuma wata zabiya ta kawo kuka cewa kiɗan yana danne mata murya. Aikina ne gyaran, amma zafi ya ishe ni, janareto ya yi ta tashi yana mutuwa har na daina tashi in duba. Na kira Nomau na ce duk inda ya ga layin kiɗan ya yi sama, ya sauke shi, na je gindin dalbejiya na miƙe. Da na dawo babu tudu ko ɗaya a waƙar. Ya sauke na farko, sai na kusa da shi ya zama shi ne a sama, ya sauke shi, haka ya yi ta bi har layin ya kwanta a ƙasa kamar tabarma. Zabiyar ta zo da ƙawayenta su ji. Aka kunna, sai muryarta ita kaɗai, da tarin da ta yi a tsakiya wanda dā ganga ke rufewa. Oga bai yi faɗa ba. Ya dai ce wa Nomau saura kuskure ɗaya, kuma ko Goggo ta zo da kanta ba zai buɗe mata ƙofa ba. Nomau ya tambaya ko ta taga za ta shigo. Babu wanda ya sami ƙarfin yin dariya.

Wata rana sai ga Sarkin Noma Jatau, wani dattijo mai kaushin hannu, yana son a haɗa wa ƙungiyarsu kiɗan noma da za su riƙa sawa a lasifika ranar gayya, don makaɗinsu ya tsufa. Oga ya yi masa da lissafi, layi yana hawa yana sauka, kowane tudu daidai da ɗan'uwansa. Dattijo ya saurara ya ce wannan kiɗan ba zai ɗaga garma ba. Na yi masa nawa da ido, ya ce nawa ya fi dacewa da masu sayar da magani a tasha. Ya ce zai dawo ranar kasuwa, in babu, a bar maganar.

Duk mun gaji. Oga ya ce wa Nomau ya share komai ya sake zana layin, a sami abin farawa. Nomau ya tambaya yaya zai yi shi. Oga bai ko ɗago kai ba ya ce tudu da kwari, kamar kunyoyin gonar su Nomau. Ni da na san mutumina, na matsa kusa na ce masa a hankali, ya ji fa, gonarsu aka ce, ba ta maƙwabta ba.

Washegari ba mu ga Nomau ba. Sai ranar kasuwa da hantsi ya shigo, ƙafa duk laka, da igiya a kafaɗa da takardu a hannu. Ashe ƙauye ya koma, ya bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan yana auna kowace kunya yana zanawa. Oga ya tafi sayen mai, don haka babu wanda ya hana shi shigar da abin a kwamfuta. Na leƙa. Wata kunyar faɗi, wata siririya, wasu sun matse da juna inda mai huɗa ya yi zafin nama, wasu sun baje inda ya gaji. A tsakiya kuma ga wani fili fayau. Na tambaye shi, ya ce suri ne, garma ba ta shiga wurin.

Oga da Sarkin Noma tare suka shigo. Oga ya ga layin, ya dubi Nomau, ya nuna masa ƙofa da ido. Ni kuwa, tunda dai an riga an kore shi, na ce bari a ji ƙarshen wasan, na kunna kiɗan.

Gangar ta taho da ƙarfi, ta yi sauri, ta ɗan ja baya, ta sake ɗauka. Da ta iso kan surin sai ta yi tsit, sannan ta dawo. Dattijo, da ya sunkuya tun farko ba tare da ya sani ba, ya miƙe a daidai wurin ya dafe ƙugu.

Ya ce, "Yauwa. Wanda ya yi wannan ya san inda baya ke neman hutu. Wane ne?"

Na ce ni na ba da shawarar, kuma ba ƙarya na yi ba.

Oga ya janye idonsa daga ƙofa. Ya ce wa Nomau ya aika wa Tasalla ta kwance kayanta. Da ya tsaya nan da mun huta. Amma daɗi ya ɗebe shi, kafin in kai hannu in rufe masa baki ya ƙara da cewa daga yau kowace waƙa haka za a riƙa yi mata.

Gobe muna da waƙar suna. Nomau ya riga ya naɗe igiyarsa, kuma ni Oga ya ce in kai shi gona a babur.