Sallamar Rago Jatau

A wani daji da ke bayan wani ƙauye, akwai wata tsohuwar al'ada: duk dabbar da ta fara amsa sallamar baƙo, ita ce mai masaukinsa, cinsa da shansa da makwancinsa duk suna wuyanta har ranar da zai tafi.

Rago Jatau bai san da wannan ba. Abin da ya sani shi ne abin da yakan jiyo daga turkensa in mai kiwonsa, Inna Tasalla, na yi wa jikokinta tatsuniya: marainiya ta gudu daji giwa ta goya ta, yaro ya ɓata barewa ta shayar da shi. To, da ya ga an ƙara masa dusa da kanwa ba gaira ba dalili, ga Babbar Sallah ta matso, sai ya tsinke igiya da hantsi ya nufi daji.

Ya tarar da majalisar dabbobi a gindin wata ƙatuwar tsamiya. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Giwa, shugabar majalisa, ta duƙufa kallon wata tururuwa. Biri ya hau sosa inda ba ya masa ƙaiƙayi. Jatau ya ɗauka ba su ji ba ne, ya sake yi da ƙarfi.

Sai Giwa ta dubi tsamiya ta ce, "'Yan'uwa, kamar iska ta kawo wata magana. In da baƙo ne, ni zan fara tashi, don kowa ya san kakata ce ta goyi marainiyar nan da ake faɗa. Sai dai ni in na juya cikin barci, ba na sanin abin da ke gefena. Tausayi ne ya sa na yi shiru."

Barewa ta ce, "Ranki ya daɗe, mu karɓar baƙi gado ne a gidanmu. Matsalar dai ba mu da gidan. Inda rana ta faɗi nan muke kwana. Ta wace ƙofa zan ce wa bawan Allah ya shigo?"

"Ni ina da rami har da rumbu," in ji Gafiya, "amma mai ƙaho ba zai shiga ba. Ban ce na ga mai ƙaho ba fa. Misali nake yi."

Jatau ya matso a hankali. "Iya Giwa, ni ne fa, ga ni gabanku. Yanka ni za a yi. Ciyawa kawai nake ci, ko a gindin bishiyar nan ma sai in kwana."

Dila, malamin majalisa, ya lumshe ido ya ce, "Wannan iska tana da hujja. Amma a ce baƙo ya kwana a waje a dajinmu, ba mai masauki? Ina mutuncinmu a idon yaran ƙauye? Shawarata, a kafa kwamiti ya duba wanda ya fi cancanta da wannan lada, ya kawo mana bayani bayan Sallah."

Kowa ya yi na'am. Daga nesa Jatau ya fara jiyo haushin karnuka da muryoyin masu bin sawunsa. 

Ana haka sai ga Kura ta iso a makare, tana hamma. Ta dubi Jatau tun daga ƙaho har kofato.

"Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da hanya. Ka sha tafiya, amma Masha Allah ba ka rame ba. Taso mu je gida."

Nan take idon majalisa ya buɗe. Wannan ya ce sannu da zuwa, wancan ya ce yaya mutanen gida. Giwa har da share hawaye da hancinta, ta ce dama ta san dajin nan ba zai ba da kunya ba.

Jatau ya waiga wajen da karnuka ke haushi, ya dubi Kura. Bai taɓa jin an ambace ta da alheri ba, amma a duk taron ita kaɗai ta kalli idonsa. Ya yi wa majalisa godiya da ladabi, ya bi bayanta.

Har yau dajin nan yana alfahari da cewa ba a taɓa samun baƙon da ya dawo ya yi ƙorafin masauki ba.