Rasuwar Siririya a Fadar Sarkin Zango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, iyalan Malam Surajo Ɗanladi na unguwar Glenwood suna sanar da 'yan uwa mazauna Greensboro da kewaye rasuwar sandarsu ta sinuka, wasan nan na tura ƙwallaye cikin ramukan tebur, wadda aka fi sani da Siririya. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce da la'asar, a zauren taron Ƙungiyar Zumunta, a gaban shaidu fiye da yadda ake bukata, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani kuma babu wanda ya ce uffan.

Marigayiyar haifaffiyar Ingila ce. An sassaƙa ta tun kafin a haifi duk mai karanta wannan takarda: jiki na farin itace mai jijiya, gindi na baƙin katako, zoben tagulla a wuya, a kanta kuma 'yar fata da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Wani Baturen kuza ne ya kawo ta kulob ɗin Turawa a Bukur. Da zai koma ƙasarsu ya bar ta ga mai jera masa ƙwallaye, wato mahaifin Malam Surajo. Tsohon nan bai taɓa jingina ta a bango ba, domin jingina ke karkata sanda. Bai bar ta kusa da wuta ba, bai bar ta kusa da danshi ba. Yakan shafe ta da man katako, ya goge da tsumma mai laushi, ya kwantar da ita a akwatinta. Waɗanda suka san ta a zamaninta sun shaida ba ta da yawan magana. Kalma ɗaya take furtawa, "tak", sai ƙwallo ya miƙe zuwa rami kamar an aike shi.

Malam Surajo ya gaje ta, ya kuma gaji ladabin riƙonta. Da ya zo Amerika ya tarar da abin da 'yan ƙasar ke kira wasa: ƙananan tebura, sanduna masu kauri kamar taɓarya, ramuka kamar bakin rijiya. Ya rantse Siririya ba za ta taɓa irin wannan tebur ba. Shekara da shekaru yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya dawo ya buɗe akwati, ya ɗora ta a ido ya ga har yanzu a miƙe take, ya rufe. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya sami teburin sinuka na gaskiya, ya sake jin muryarta ko sau ɗaya.

Ciwon ajali ya kama ta a shekarar 2004, lokacin da manyanmu suka zauna suka duba matsalolin jama'a. Yaranmu ba sa iya mayar da gaisuwa da Hausa. Sabon zuwa ba shi da mai raka shi neman lasisin mota. Bayan dogon nazari, dattawa suka gano abin da ya fi gaggawa: ba mu da sarki. Aka zaɓi Alhaji Seydou, mutumin Maraɗi, a matsayin Sarkin Zango, aka ba Alhaji Uwaisu na Kano Waziri don kada wani ɓangare ya yi fushi. Rawani ya samu, alkyabba ta samu. Sandar girma da aka aika a sassaƙo daga Maraɗi ce ba ta iso ba. Sai Waziri ya tuna ya taɓa ganin wata doguwar aba a ɗakin Malam Surajo.

"Aron yini ɗaya ne, Malam Surajo," in ji Waziri. "Ana shafa fatiha za a maido maka da abarka."

"Ranka ya daɗe, ai ba irin wannan sandar ba ce."

"Haba! Sanda ai sanda ce."

Sarki ya karɓe ta a kife, gindi a sama don ya fi daɗin kamawa, siririn kan a ƙasa. Duk lokacin da zai yanke magana sai ya ce "Bon!" da Faransancinsa, ya doka ta a siminti. Kafin a tashi daga taron naɗi 'yar fatar kanta ta fita. Daga nan jinya ta miƙa. Da hunturu a jingina ta jikin hita, wai kada sandar Sarki ta ji sanyi. Da zafi ta yini a but ɗin mota a bakin Elm Street. Wani mai neman fada ya naɗe ta da jar fata, ya danna ƙusoshi. Wata baiwar Allah ta ga ta bushe ta shafe ta da man shanu. Kafin shekara ta zagayo, marigayiyar da ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba ta soma ruku'u.

Malam Surajo yana ganin wannan duk ranar Lahadi daga layin baya. Kowane bugu a ƙirjinsa yake sauka. Ba sau ɗaya ba ya shirya magana tun daga gida, ya maimaita ta a mota, ya shiga fada ya durƙusa. Sai a fara: ina gajiya, ina iyali, ina labarin gida. Kafin a gama gaisuwa maganar ta narke.

"Baban Salwa," in ji matarsa Bebi wata rana, tana kallon hannunsa, "ka tafi karɓo sanda ka dawo mini da goro?"

"Babba ne, Bebi. Da wane baki zan ce masa ya ba ni?"

"Da wanda ka ci goron."

Ana haka sai ga abin da ya yi shekaru yana jira. Abokinsa Nicodemus, shi ma ɗan Bukur, mai gyaran lantarki, ya shiga aiki wani gida a Irving Park ya tarar da teburin sinuka cikakke, kore shar, na wani tsohon likita da ya rasa abokin wasa. Tsohon ya ce su zo kowace Asabar suka ga dama. Malam Surajo bai iya cin abinci ba ranar. Ya tashi a taro na gaba ya roƙi a ba shi aron sandarsa ta yini ɗaya. A lura: aro ya roƙa.

Jama'a suka juyo suna kallonsa kamar ya zagi uwar wani. Waziri ya gyara hula.

"Wato Sarki ne zai zauna hannu banza don kai ka je ka buga ƙwallo? Abin da Amerika ke mayar da mutum ke nan."

Aka kafa kwamitin duba batun sanda, Waziri ne shugaba. Kwamitin bai zauna ba, domin ana jiran wani mamba ya dawo daga Umara. Da ya dawo aka ce a bari ya huta.

Ranar da abin ya faru bikin suna ake yi a zauren. Mata suka kunna turaren wuta a kasko, hayaƙi ya tashi, na'urar gobara ta silin ta fasa ihu. Haka take yi a kowane biki. An sha cewa a riƙa fita da kaskon waje, aka ce turare ba ya kashe kowa. Maganin da fada ta amince da shi shi ne a tsokane na'urar da sandar Sarki har ta yi shiru. Waziri ya hau kujera da babbar riga, Siririya a hannu. Fankar sama tana gudu. Kowa ya ga tana gudu. Amma makunninta yana bayan kujerar Sarki, kuma a cikin magidanta cike da zaure, masu digiri da masu taksi, ba a sami mutum ɗaya da zai ce wa Sarki ya ɗan gusa ba. Siririya, wadda ta karkace har ba ta zuwa inda aka nufa da ita, ta kauce wa na'urar ta shiga fanka.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras".

Waziri ya sauko da rabi a hannu, ya ce kwananta ne ya ƙare. Jama'a suka ce haka ne, aka ci gaba da rabon shinkafa. Iyalan suna so a sani ba su yarda da wannan bayani ba. Ajali gaskiya ne, amma ba ajali ne ya hana a kashe fanka ba. Kunya ce ta kwantar da marigayiya, "a yi haƙuri" ta yi jinyarta, "babba ne" ya rufe mata ido.

Ta rasu ta bar akwatinta wayam, da tsummanta, da guntun alli shuɗi da bai ga aiki ba tun daga Bukur. Ta bar teburin Irving Park, angon da aka yi mata baiko da shi ba su taɓa ganin juna ba. Ta bar Malam Surajo. Sandar Maraɗi kuwa, an tabbatar mana tana hanya.

Game da jana'iza, akwai 'yar matsala: rabin gawa ne kawai a hannun iyali. Malam Surajo ya je fada neman ɗaya rabin, mai baƙin gindi, inda hannun mahaifinsa ya goge katakon har ya yi santsi. Ya tarar an riga an sa mata roba a ƙasa.

"Bon, Malam Surajo," in ji Sarki yana dogara ta, "yanzu ne ma ta yi daidai da tsawona. Allah Ya yi maka albarka."

Malam Surajo ya ce amin. Ya kuma yi godiya.

Za a binne marigayiya ranar Asabar bayan azahar a bayan gidan Malam Surajo da ke Glenwood, a karɓi gaisuwa nan take. Ba a bukatar kwamiti. Fada ta aiko cewa Sarki da kansa zai halarta, da sandarsa. Malama Bebi ta ce tana maraba da shi, ita ce ma za ta tsaya a bakin ƙofa inda ake cire takalma. Maigidan ya roƙe ta ta dubi girman Allah ta dubi furfura. Ta dai sa Nicodemus ya haƙa kabarin da cikakken tsawon marigayiya.

Ana shawartar masu zuwa su zo da wuri.