Bene na Uku Kore Ne

A ma'aikatar nan babu wanda ya kai shugaban sashen kwamfuta hangen nesa. A gabansa ana ce masa Idon Mikiya, a bayansa kuma Komai-Kore. Rabonsa da hawa matakala har ya manta, kuma bai ga laifinsa ba. Daga kujerarsa yake kiwon kowace na'urar sadarwa ta ginin. Duk bayan minti biyar kwamfutarsa takan gaishe su da wani yare da dukkansu suke ji. Wadda ta amsa, ɗigonta ya fito kore a allon bango. Wadda ta yi shiru, ja.

"Masu ƙaramin sani su ke zuwa su duba," in ji shi. "Ni tambaya nake, a ba ni amsa."

Mai rajista ta bene na uku ba ta kai wannan matsayi ba. Ita dai ta san kwana huɗu ba ta da intanet, ga sunayen ɗalibai tamanin da za ta tura kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba su rasa jarrabawa. Ta kira mai gyara, ya ce ba a hawa sai allo ya yi ja. Dokar shugaba ce.

Ƙarfe uku da rabi ta sauko da kanta. Idon Mikiya ya ba ta kujera, ya ɗauko sandar nuni.

"Baiwar Allah, wane launi ne wannan? Bene na uku ya gaya mini da bakinsa lafiyarsa ƙalau. In yarda da ke, ko da kimiyya?"

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga hawayenta. A nan ta hango wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburinsa yana ƙyafta fitilu, ƙafafun shugaba cikin safa a kansa. A gefen akwatin ga takarda manne da rubutun hannunta: Bene na uku. Tsohuwar na'urarsu ce da aka canza bara. Ya sa an jona masa ita saboda ɗuminta, don sanyin ofis na taɓa masa ƙafa. Ashe shekara guda matakin ƙafarsa yake gaisarwa, yana amsawa da sunan bene na uku.

Ta miƙa hannu ta zare wayar wutar akwatin.

Can sai allo ya yi ja. Idon Mikiya ya miƙe tsaye, ya gyara kwat.

"Kin gani? Matsala a bene na uku. Kafin kowa ya sani, na sani."

Mai gyara ya hau a guje, ya tarar waya ce ta kwance. Sunaye suka tafi ƙarfe huɗu saura minti shida.

Da ta leƙo yin godiya, ta same shi yana rubuta rahoton yadda ya gano matsala ya magance ta cikin minti goma. Bai ɗago kai ba. Ya dai ce in za ta wuce, ta duba masa ƙarƙashin tebur, yana jin ƙafarsa ta fara sanyi.