Rasuwar Tabarau Mai Ƙafa Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da rasuwar tabaran mahaifina, wanda ya rasu ranar Talata da hantsi a ƙofar shagonmu na walda, bayan shekara shida yana aiki a ɓoye.

Marigayin ya shigo gidanmu ne lokacin da idon Baba ya fara ƙin ganin abin da ke kusa. Daga nesa yana iya karanta lambar mota, amma bakin sandar walda sai ya zame masa hazo. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗaure marigayin da waya a cikin garkuwar fuskarsa, bayan baƙin gilashi, inda babu mai leƙawa. Ni kaɗai na sani, don ni ke goge shi kafin in tafi kwaleji.

Ya sha zafi da hayaƙi. Tartsatsi ya yi masa zanzana, ƙafarsa ɗaya ta narke, bai taɓa kokawa ba. Abin da muka taɓa ji daga bakinsa shi ne "ƙaras", duk sanda Baba ya sauke garkuwa. Ƙofofin rabin unguwar nan ta cikinsa aka ga ɗinkinsu, kuma har yau babu wadda ta ɓalle.

Ba jinya ce ta kashe shi ba. Baffa, ƙanin Baba, wanda ya daɗe yana son shagon ya koma hannunsa, shi ya ari garkuwar ya gano shi. Ya ɗaga shi sama a gaban mai ɗakin taron da ya kawo mana aikin kujeru ɗari.

"Ashe da ido huɗu ake mana aikin. Yaya, ka je gida ka huta haka nan."

Aka yi dariya. Baffa ya sake shi ƙasa, "ƙwas", wai suɓucewa ya yi. Mutumin kujeru ya ce zai yi tunani. Baba ya durƙusa yana laluben gilashin, ni kuwa na ƙirga masu dariyar, su bakwai ne.

Marigayin ya bar mai shi, ɗan shekara sittin da uku wanda hannunsa bai taɓa rawa ba, da ni, da ƙofa guda da ba a gama ba.

Za a binne shi ranar Asabar da ƙarfe goma a bayan shago. Akwatin gawar na kwano ne marar kauri, irin wanda ke hujewa a hannun Baffa in ya zo yi masa walda. Baba ne zai haɗa shi a gaban kowa, sanye da sabon tabaran da likita ya auna masa jiya, a fuskarsa, a fili. Ana gayyatar mutumin kujeru ya duba ɗinkin da kansa. Baffa ne zai haƙa ramin. Ba ma karɓar gaisuwarsa.