Haushin Pavlova da Wasiƙarku ta Uku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Dabbobin Gida na Ƙaramar Hukumarmu, ma'abocin hatimi da doguwar takarda, mai kunnen da ke jiyo haushin kare daga bene na uku alhali tagogi a rufe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin sanyin ofis, da irin shirun da kake yi wa talakawanka fata.

Sunana Graeme Tuckwell, direban bas, mazaunin gida na goma sha bakwai a Layin Banksia. Wasiƙarku ta uku ta iso ni ranar Talata, tana cewa ranar Alhamis jami'inku zai zo da na'ura ya auna ƙarar haushin karyata, in ta wuce ƙa'ida a tafi da ita. Na zaɓi in amsa a bainar jama'a, domin wasiƙu biyun da na aiko a asirce, da alama suna can suna hutawa.

Bari in fara da laifina, kada a ce na yi son kai. Kirsimetin bara, 'yata Imogen mai shekara tara ta ga hoton wata kwikwiya irin karnukan Italiya da ake kira maremma, fara sol kamar an dunƙula auduga an manna mata idanu. Mai sayarwa ya ce irin nan akwai son iyali. Muka ɗauko ta, Imogen ta raɗa mata Pavlova, sunan farin kek ɗin da muke ci a bikin.

Mutum ɗaya ne bai yi tafi ba: surukina Ottavio, ɗan shekara tamanin da uku, wanda ya yi kiwon tumaki a duwatsun Italiya kafin jirgin ruwa ya kawo shi nan. Tun rasuwar matarsa yake zaune da mu, shekara biyu a kujera ɗaya bakin taga, maganarsa ta yini ba ta cika goma. Ya ɗaga ƙafar kwikwiyar ya duba faɗinta, ya ce, "Wannan ba 'yar falo ba ce, ma'aikaciya ce. Ina tumakin?"

Na ce, "Haba Baba, ai mu ne iyalinta."

Ya ce, "To, ku ne tumakin."

Muka yi dariya. Wata takwas bayan nan ta kai kilo arba'in, ta ɗauki aikin gadinmu ba tare da ta nemi izini ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni ne dai ban sani ba. Wannan nawa ke nan. Yanzu, ranka ya daɗe, ga naku.

Na ɗaya. Wasiƙarku ta farko ta ce Pavlova tana haushi "ba tare da dalili ba". Cikin ladabi nake cewa ƙazafi ne. Duk Laraba wata ƙatuwar mota takan zo ta ɗaga kwandon shararmu ta kwashe abin da ke ciki, Pavlova ta yi haushi, motar ta gudu. Mai kawo wasiƙa ya zo, ta yi haushi, ya gudu. Jirgin sama ya gifta ta kan rufinmu, ta yi haushi, bai sauka ba. Ko zanen gadon da maƙwabta suka shanya, da ta matsa masa, kafin yamma an kwashe shi. A lissafinta ba a taɓa cin ta da yaƙi ba. Wane ma'aikaci ne a ofishinka zai iya faɗin haka?

Na biyu. Ɗan littafin da kuka haɗo da wasiƙar ya ce in gajiyar da ita da wasan ƙwallo, in kuma kai ta makarantar horo. Na jefa ƙwallo. Ta dubi ƙwallo, ta dube ni, ta koma kallon ƙofa. Ni na je na ɗauko. Na yi haka sau ashirin, kuma gaskiyarku ne, an gaji. A makaranta kuwa, mako shida ina cewa "zauna" tana tsaye, karnukan mutane suna ta birgima saboda ɗan biskit. Ranar ƙarshe malamar ta dafa kafaɗata ta ce, "Mista Tuckwell, ta ji ka sarai. Ba ta yarda da kai ba ne kawai." Shin wanda ya rubuta littafin nan ya taɓa ganin kare, ko labari ya ji?

Na uku. Rahoton jami'inku, Mista Kerrigan, ya ce karyata ta "yi garkuwa da shi". Ina roƙon a ƙara da cewa ta ƙofar gefe ya shigo ba sallama, ya nufi inda tsoho ke ɗaure tumatirinsa. Ba ta cije shi ba, ko wandonsa ba ta taɓa ba. Shiga ta yi tsakaninsu ta tsaya. Ya yi dama, ta yi dama. Ya yi baya, ta ce a'a. Minti arba'in yana manne da tankin ruwa da allon rubutunsa a ƙirji. Surukina ya shiga ciki ya dafo masa kofi, ya miƙa masa ta kan bayanta, ya ce, "Kada ka kalli idonta, ɗana. Cokali nawa na sukari?" Rahoton bai ambaci kofin ba, alhali ya sha biyu.

Abin da rahoton bai gani ba kuma, domin babu gurbinsa a fom, shi ne tsohon ya bar kujerar taga. Safe da yamma shi da Pavlova suke zagaya shingen gidan, yana yi mata magana da yaren ƙauyensu, wanda matata Rosalba ta ce rabon da ta ji shi a bakinsa tun tana yarinya.

Na huɗu, kuma a nan alƙalamina ya ɗan yi nauyi. Wasiƙarku ta biyu ta ba mu kwana ashirin da ɗaya: ko shiru ko rabuwa. Kun sakaya sunan mai ƙara, kun ce "wani maƙwabci", sannan kuka liƙo bayanin da ke cewa "kajina shida sun daina ƙwai". A duk layinmu Uwargida Pendlebury ce kaɗai ke da kaji. Ina jinjina wa iya riƙon sirrinku.

Na ƙara tsawon shinge, ta haƙa ƙarƙashinsa. Na kulle ta a ɗakin wanki, ta cinye rabin ƙofar. Imogen ta daina cin abinci sosai, ta rubuto muku wasiƙa da fensir mai launi, wadda ita ma ba ku amsa ba. Rosalba ta ce, "Kai ka kawo ta, kai za ka faɗa wa yarinya." Na kasa. Kakan ne ya zaunar da jikarsa a matakala ya ce, "Kina son ta?" Ta ce, "Nonno, ka fi kowa sani." Ya ce, "To dubi yadda take kai da komo a bakin shinge. Wannan ba fitina ba ce, neman aiki take. Da ɗaure ni aka yi a nan, da na fi ta haushi."

Shi ya samo wata mata, Noeline Strachan, mai gonar kajin ƙwai, tafiyar awa biyu daga nan, wadda yanyawa ta addabe ta. Ranar Asabar muka kai ta. Pavlova ta sauko daga mota, ta ga kaji dubu biyu suna kiwo a fili, ta ɗaga wutsiya ta nufe su a natse kamar sabuwar shugabar makaranta. Imogen ta ce, "Baba, ko waiwaye ba ta yi ba." Na rungume 'yata kawai.

Sai Noeline ta ce damuwarta ɗaya: karyar da ta tashi a gari tana buƙatar wanda zai tsaya a kanta wata biyu zuwa uku, kada ta ɗauki kaji abin wasa. Akwai ɗaki a bayan rumfar ƙwai, mutum ne babu. Kafin ta rufe baki surukina ya buɗe bayan motata ya fito da jakarsa. Ashe tun safe ya haɗa ta, har da tukunyar kofi.

Rosalba ta ce, "Papa, ka haukace? Shekarunka fa!"

Ya ce, "Ina sane da su, shi ya sa nake sauri."

Don haka, ranka ya daɗe, da takarda ɗaya kun raba ni da kare da suruki, da kuma taliyar Lahadi da babu mai iya yin irinta sai shi. Kwana uku Rosalba ba ta yi mini magana ba. A na huɗu tsohon ya bugo waya, ya yi minti arba'in yana ba ta labarin kaji, tana kuka tana dariya. Yanzu duk Asabar muna can. Pavlova takan zo ta jingina da Imogen na ɗan lokaci, ta shinshina kanta, ta koma bakin aiki. Na rubuto muku duk wannan tun makonni uku da suka wuce. Haushin wa ke nan na'urarku za ta auna ranar Alhamis?

Na biyar. Mako uku da tafiyar Pavlova, yanyawa ta shiga akurkin Uwargida Pendlebury ta kashe biyar cikin shida. Baiwar Allah ta kawo muku kuka, kuma ita kun amsa mata cikin kwana biyu. Jiya ta ƙwanƙwasa ƙofata da takardar a hannu. Hatiminka ne, sa hannunka ne, irin wanda ke kan nawa ukun. Sakin layi na biyu yana cewa: "Muna ba masu kaji shawarar su nemi kare mai gadin dabbobi, kamar maremma."

Ta yi ta murza gefen takardar, sannan ta ce, "Graeme, wai ita karyar nan taku... ba a ba da aronta, ko na mako biyu?"

Na ce zan tambayi hukuma. Ga shi na tambaya.

Naka mai biyayya, wanda ba ya haushi ko an taka masa wutsiya,

Graeme Tuckwell
Gida na 17, Layin Banksia