Ranar Da Na Share Kurmin Mutane

Ba na jin akwai ranar da zan manta da yadda taɓaren matan nan suka tsaya cak. Ina fitowa daga cikin kurmi, buhu a kafaɗa, gumi har cikin ido, ina murmushi irin na wadda ke jiran a ce mata sannu da aiki. Su kuma suna dakan ƙwarar kaɗanya a gindin wata bishiya, suna waƙa. Ta farko ta ɗago ta kalle ni, ta kalli buhun, taɓaryarta ta maƙale a sama. Sai ta biyu. Kafin in ƙaraso wurinsu ba ka jin komai sai kukan 'yan tsaki. Na rusuna na gaishe su da yarensu na Dagbanci, na ce, "Dasiba." Babu wadda ta ce "Naa." A ƙasar Dagomba kuwa, ko wanda kuke gaba da shi ka gaisar sai ya ja maka wannan naa ɗin.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda aka yi na kai kaina.

Na gama sakandare, sakamako bai kai ni ko'ina ba. Umma tana Kumasi, ni ina unguwar Sakasaka a Tamale wurin Gwaggo, wadda ba ta cika magana da ni ba sai in ruwa ya ƙare a randa. Da ƙyar na samu aiki a wani ɗan kamfanin yawon buɗe ido a unguwar Kalpohin. Aikina ɗaukar hoto da waya, raba wa baƙi ruwa, da riƙe jakar Madam, mai kamfanin. Sauran ma'aikatan duk sun yi jami'a. In za su ci abinci sai su ja kujerunsu can, su yi ta Turanci suna dariya, ni in ci nawa ina kallon bango kamar bangon yana ba ni labari.

Matsalar kamfanin ita ce baƙi da rani suke zuwa. Da ruwa ya sauka, ofis sai ya koma kamar gidan makoki. Shi ne Madam ta fito da shirin tallata damina: ƙasa kore shar, mata na tsintar kaɗanya, tsuntsaye kala-kala, ga wani ƙauye a bayan Tamale mai kurmin da tun kakanni ba a taɓa sare masa ko reshe ba. Babbar dokar shirin, baƙo ya zo ya tafi kada ya bar ko ledar alewa. Har korayen riguna aka buga mana. (Tawa ta yi mini yawa, hannunta yana rufe mini gwiwar hannu, amma na yi hoto da ita na tura wa Umma.)

Ranar da za a kai baƙin farko, muka yi sammako don mu shirya wurin, ni da Madam da Baba Isa direba. Madam za ta shiga gaisar da sarkin ƙauyen, sai ta miƙo mini buhu.

"Ki tsince hanyar nan har bakin kurmi. Ban son ganin leda ko ɗaya a hoto, kin ji?"

Bakin kurmi ta ce. Na ji ta da kunnena. Amma hanyar ba ta da wani datti, 'yan ledojin fiyawata ne jifa-jifa, buhuna ko gindinsa bai cika ba. Ni kuma ina son yau a san da ni. Na leƙa cikin kurmin, wuri mai sanyi da duhu, sai na ga abin da ya ba ni haushi. Tsummoki a rassa, farare da jajaye, ruwan sama ya sa sun koɗe. Kwalabe a gindin bishiyoyi. Fasassun ƙoƙuna, gashin kaza, wata awarwaro da ta yi tsatsa. Na ce a raina, kai, mutanen ƙauye da ƙazanta! Ga Turawa za su zo.

Kada ku yi mini dariya tukuna. Ni 'yar zango ce, wato unguwar Hausawa ta cikin birni. A unguwarmu duk abin da ka gani ya maƙale a bishiya, leda ce iska ta kai. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, yaushe iska ta koyi ƙulli? Don wasu tsummokin sai da na sa haƙori na kwance su. Da haƙorina, jama'a. Har ina yi wa kaina kirari a hankali.

To, shi ne na fito na tarar da matan nan.

Ɗaya ta yar da taɓarya ta ruga cikin gari. Kafin ka ce me, mutane sun taru, amma babu wanda ya matso kusa da ni. Sun bar fili tsakanina da su kamar ni ce wutar. Madam ta fito da sauri, ta buɗe bakin buhun, ta leƙa, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Allah. Yarinyar nan kin kashe ni. Wa ya aike ki ciki?"

"Madam, datti ne ai..."

"Rufe mini baki!"

Sai ga wani tsoho siriri da sanda, mutane suna dare masa hanya. Baba Isa ya raɗa mini cewa shi ne tindana, mai kula da ƙasar garin da kurminta. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗa. Ya dubi cikin buhun ya daɗe, ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi magana da Dagbanci a hankali. Ni kuwa a Tamale aka haife ni, amma Dagbancina na kasuwa ne: nawa ne, rage mini, ya yi tsada. Babu ko ɗaya da ya yi mini amfani.

Aka yi ta magana, dattawa suka koma gefe, suka dawo. Daga ƙarshe Baba Isa ya zo, yana kauce wa idona.

"'Yata, ya ce ki koma bakin kurmin ki zauna, ki fuskanci ciki. Buhun a bayanki, ki riƙe bakinsa da hannun da kika ɗebo. Kada ki juya. Ko me kika ji, kada ki juya."

"Baba, me za su yi mini?"

"Ki dai yi abin da aka ce."

"Har yaushe?"

"Bai faɗa ba."

Na kama hannun Madam. Ta zare shi a hankali, ta ce baƙi suna masauki suna jira, dole ta je ta canja musu wurin zuwa, za ta turo Baba Isa. Ina zaune a kan wata saiwa ina fuskantar duhun kurmin na ji motar ta tashi. Na bi ƙararta da kunne har ta ɓace. Sannan na ji tsohon ya ɗaga murya ya faɗi wani abu, sai ƙafafu suka watse. Garin gaba ɗaya ya shige gida. Aka bar ni.

Na laluba wayata da hannu ɗaya. Babu sabis ko ɗigo. Kuma ko da akwai, wa zan kira? Gwaggo ba ta ma san sunan ƙauyen ba. Umma tana ganin ina ofis mai fanka. Na lissafa mutanen da za su lura ban dawo ba kafin dare, ban samu kowa ba sai mai kokon bakin layinmu, ita ma sai da safe.

Ni Musulma ce, na yi makarantar allo, na sha cika baki cewa waɗannan abubuwan ba sa kama ni. Ranar na karanta duk abin da na haddace, na gaba a baya, na baya a gaba. Har addu'ar shiga kasuwa na yi.

Can sai na ji taku a bayana. A hankali, kamar mai sanɗa. Ya tsaya daf da ni, ina jin numfashinsa. Na runtse ido, na noƙe wuya, na ce shi ke nan, yau za a yanka 'yar mutane da koriyar riga. Sai na ji buhun ya motsa. Hannu ya shiga, ya yi lalube, ya ciro wani abu. Takun ya wuce ta gefe, ya shiga kurmin ta wata hanya da ba na gani. Bayan wani lokaci ya fito ya tafi.

Shiru. Sai wani takun.

Haka aka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa zuwa biyu tare ba. Kowane taku ina cewa wannan ne mai wuƙar. Akwai mai jan ƙafa. Akwai mai ƙamshin turare. Akwai wanda na ji da kunnena ya ce bismillah kafin ya sa hannu. Azahar ta yi, na ji kiran salla daga cikin gari, ban isa in motsa ba. Hannuna ya sage, fitsari ya matse ni, cinnaku suka gano ƙafata.

Ana cikin haka wani abu mai sanyi da laima ya taɓa mini ƙeya. Na kwarma ihu, na yi kalmar shahada da iya ƙarfina, na kira Umma, na roƙi gafarar duk wanda ke cikin kurmin, mai rai da marar rai. Na yi alkawarin ba zan ƙara taɓa tsintsiya ba. Abin ya ce, "Meee." Daga can bayan wata katanga na ji dariya ta kufce wa wani, aka yi saurin toshe masa baki. Ashe duk garin suna jina. (Har yau in akuya ta yi kuka a bayana sai gabana ya faɗi. Gwaggo ta zaci aljanu ne.)

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ba akuyar ba ce. Wata ce ta zo, takunta marar nauyi, ta durƙusa ta yi ta lalube. Ta daɗe ƙwarai. Ta ciro ta mayar, ta ciro ta mayar. Sai na ji tana jan hanci, kuka take yi a ɓoye. Ban san me take nema ba, ban san ko ta samu ba. Tsakanin bayana da fuskarta bai kai kamu ɗaya ba. A nan ne tsoron ya ɗan ja gefe, kunya ta zauna a wurinsa. Ni ma na fara nawa kukan, ba sauti.

Rana ta karkata, inuwar kurmin ta rufe ni, buhun ya yi sakayau a hannuna. Takun ƙarshe bai yi sanɗa ba, fal-fal da silifa. Aka dafa mini kafaɗa.

"Juyo. Kai, juyo mana, an gama."

Hausa! Ban san sanda na juya ba. Tsohuwa ce daga cikin matan dakan nan, da ƙwarya a hannu. Ta ce sunanta Mma Sana, ta yi shekaru tana sayar da man kaɗe a zangon Kumasi, can ta koyi Hausa, irin wadda ba ta bambanta mace da namiji. Ta miƙo mini ruwa, na shanye ina shaƙewa.

"Mma, me za su yi mini?"

"Su yi maka me? Wa yana da lokacinka?" Ta zauna a kan saiwar kusa da ni tana nishi. "Abin da ka kwaso, kowane ɗaya da mai shi. Wani yana neman haihuwa, wani ciwo, wani yaronsa ya tafi kudu ba labari. Ya zo shi kaɗai ya ɗaura, ba wanda ya sani. Kai kuma ka tara duka cikin buhu ka kawo tsakiyar gari. In an zazzage a gaban mutane, wa zai miƙa hannu ya ce nawa ne? Shi ya sa tsoho ya kori kowa gida. Kai ma aka juya ka, don kada ka ga fuska."

"To shi abin da ke cikin kurmin... ba zai bi ni ba?"

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta yi dariya har da tari.

"Ya bi ka ya kai ina? Tsoho ya ce wanda bai sani ba, ƙasa ba ta riƙe shi. Ka zauna, ka riƙe buhu, ba ka juya ba. Shi ke nan. Ba abin da zai same ka. Motarku ma ya zo tun ɗazu, direba yana can yana cin gyaɗa."

Ta kama hannuna ta tashe ni. Ta ɗaga buhun ta girgiza, ta leƙa ciki, ta cusa mini a hannu. Ledojin fiyawata ne a gindinsa, sai bawon biskit.

"Wannan ba mai shi a garin nan. Naku ne, mutanen birni. Tafi da shi."

La'asar ce sakaliya. Na rungume buhun kamar jariri, na bi bayanta, ina kallon ƙasa don kada in haɗa ido da kowa, su ma kowa yana kallon ƙasa don kada ya haɗa ido da ni. Tun daga wannan sa'ar na yanke wa kaina hukunci: in na ga tsumma a bishiyar mutane, zan gaishe shi da ladabi in wuce.